Igiyar Kaka da Tumunin Gwaggo

Kakana, wanda ya haifi mahaifiyata, Allah ya karɓi abinsa ranar Talata da hantsi, kwana kaɗan bayan an gama yankan dawa. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa. Tun da nake ban taɓa ganin ƙauyenmu ya cika haka ba. Mutanen Dawakin Tofa sun zo, na Rimin Gado sun zo, har da wasu tsofaffi da ban san fuskarsu ba. Kowa ya zauna a tabarma, bayan an shafa fatiha, sai ka ji ya ce, "Shi ya raba mana gonar ubanmu, har yau ba wanda ya ɗaga wa wani murya."

Wannan kam ya yi min daɗi. Abin da ke biyo baya shi ne ya riƙa ƙona min rai. Sai mutum ya gyara hula ya ce, "Allah sarki, bai yi boko ba, amma akwai basira." Kamar ana yi masa alfarma. Har yayana, ɗan kawuna, wanda yake koyar da lissafi a jami'a, sai da ya faɗi tasa. Ya ce wa baƙin da suka zo tare da shi daga birni, "Ai da Kaka ya yi karatu, da farfesa ne." Suka gyaɗa kai. Ni ina tsaye da butar alwala a hannu, wallahi saura kaɗan in saki baki, sai na tuna inda nake.

Da na shiga cikin gida kai kwanuka, gwaggota, ƙanwar babana, ta riƙe min gefen riga. Mijinta ya rasu bara, kuma Kaka ya yi mata alkawarin zai auna mata rabonta na gonar da ya bari da zarar an kwashe dawa. Ba ta ma yi min gaisuwa ba. Cewa ta yi, "Ɗan nan, yanzu wa zai auna min? Sun ce ranar bakwai za a sa hannu a takarda, tunda kowa yana gari."

Zan dawo kan takardar nan. Bari in fara gaya muku abin da na gani rana ta biyu.

Jama'a sun yi yawa, ruwa ya ƙare, igiyar guga ta tsinke. Wani, ban san ko wane ne ba kuma gara da ban sani ba, ya shiga zaure ya ga igiya a rataye, ya ɗauko ya ɗaura wa guga. Na zo na tarar ana jan ruwa da igiyar awon Kaka. Igiyar da shekara da shekaru ko raɓa ba ya bari ta taɓa. Na fizge ta a hannun mai jan, guga ya koma rijiya, aka ce ɗan nan ya zare saboda mutuwa. Kawu ya ce, "Kai, igiya ce fa kawai, kasuwa cike take da ita." Ɗan da ya haifa ke nan! To in ɗansa ya ce igiya ce kawai, na waje me zai ce?

Igiyar rama ce, shi ya tufka abarsa. Gaba goma ce, kowace gaba da ƙullinta, wato tsawon hannuwansa biyu in ya ware su. A bangon zaurensa akwai ƙusa biyu, tsakaninsu gaba ɗaya cif. Duk ranar da zai fita awo sai ya gwada igiyar a jikin ƙusoshin nan, ƙulli bayan ƙulli, har goma. Na taɓa ce masa, "Tsoho, igiyar da ka gwada shekaranjiya?" Ya ce, "Kai ma shekaranjiya ka ci tuwo, yau me ya kai ka bakin murhu? Igiya in ta sha ruwa tana takurewa, in ta sha ja tana miƙewa. Ni ba na zuwa gonar marayu da abin da ban tambaya ba."

Aikinsa ke nan. In mutum ya rasu, Liman ya zauna ya fitar da rabon kowa, wannan tumuni, wannan sudusi. Wannan a takarda ne. Amma gonakinmu kun san su. An raba, an sake rabawa, tun kakannin kakanni, har kowace ta zama kamar yagaggen zane: nan ta lanƙwasa ta bi gamba, can ta tsuke don ta kauce wa hanyar shanu, wani gefen jigawa, wani gefen fako. To je ka nemo min tumuni a cikin wannan. Kaka shi ne mai nemo shi a ƙasa.

Kuma ku ji yadda yake yi, don Allah ku ji wannan. Ba ya bin gefen gona. Kunya yake ƙirgawa. Sai ya bi kunyoyin da garma ta tayar, ya auna ta farko, ya tsallake tara ya auna mai bi musu, haka har ƙarshen gona. Tsakanin kowace biyu da ya auna sai ya ɗauki tsaka-tsakinsu, ya ninka da yawan kunyoyin da ke wurin, ya ajiye tsakuwa a aljihu. Inda gona ta yi lanƙwasa sosai ba ya tsallake tara, huɗu yake tsallakewa. Ni sakandare kawai na gama, ban samu gurbin jami'a ba, gyaran sola nake yi, sauran lissafin da na iya a waya na koya, da datar da nake matsewa. Ranar da na ci karo da wannan hanyar a wani darasi, har da sunanta na Turanci, ana koya wa masu karatun injiniya, ihu na yi a shago. Na hau babur na same shi yana gyaran danga. Na ce, "Tsoho, abin da kake yi da kunya, a jami'a ake koyar da shi!" Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "To madalla, ashe suna da gona."

Awo ma rabin aikin ne. In ya gama sai ya tsuguna ya duba kaurin kututturen kara. Ya tambayi masu gonar dami nawa wannan gefen ya bayar bana, nawa bara, nawa bara waccan. Ƙasar da ke ƙarƙashin gawo daban yake lissafa ta, don gawo da damina yake zubar da ganye, ya bar wa shuka rana, ga taki. Ta ƙarƙashin mangwaro kuwa rage mata yake yi. Wanda rabonsa ya faɗa a wuri mai rauni sai a ƙara masa faɗi. Abin da yake rabawa shi ne abin da zai shiga rumbu.

Akwai maganarsa guda da duk wanda ya taɓa riƙe masa igiya ya haddace: "Faɗi a baki tukuna." Ba za ka ja igiya ba sai ka kalli wuri ka ce ina jin igiya kaza ne. In aka auna ya yi kusa da cintarka, shi ke nan. In ya yi nisa, to ko idonka ko igiyarka ɗaya ya yi ƙarya, kuma ba a tashi sai an gano wanne ne. Ni "Malam Waya" yake kirana, in na cinta na yi nisa sai ya ce, "Malam Waya, caji ya ƙare ne?" Yaya kuwa tun yana yaro "Farfesa" yake ce masa.

Shekarar da Yaya ya gama digirinsa na farko ya dawo gida da damina, Kawu ya ba shi feshin gonar gyaɗa. Ya karanta jikin kwalbar maganin ciyawa, an rubuta abin da za a zuba wa hekta ɗaya. Ya ciro kalkuleta ya buga, komai daidai. Abu ɗaya ne bai tambaya ba: gonar nan hekta ɗaya ce? Ko kashi ɗaya cikin uku na hekta ba ta kai ba. Kaka yana wucewa ya ga kwalba ta kusa ƙarewa, ya ce, "Farfesa, maganin nan bai yi wa gonar nan yawa ba?" Yaya ya ce, "Kaka, na yi lissafi." Kaka ya ce, "To." Gyaɗa ta tsiro ta yi rawaya ta kwanta. Kawu ya yi kamar zai cinye shi ɗanye.

Washegari Kaka ya buɗe buhun irinsa na kansa, ya ɗebo, ya kai wa Kawu ya ce a sake shukawa a tsohuwar gonar shi Kakan ta bayan gari tunda da sauran ruwa. Ya kama hannun Yaya suka taka gonar da ta ƙone kunya-kunya, yana nuna masa. Daga ranar har ya koma ga Allah ban taɓa jin ya tayar da zancen ba, ko a wasa, shi da bakinsa ba ya barin jika ya huta. Yau ni na tayar, Allah ya yafe min, saboda dalili.

Dalilin shi ne, shekara uku da suka wuce aka sa Yaya a kwamitin da zai tsara sabon kwas a jami'arsu. Lissafi ne na dole ga duk ɗan shekarar farko, har masu karanta shari'a da aikin jarida, wai don kowa ya fita ya iya aiki da lamba a rayuwa. Da ya gaya min, barci kawai ne ban yi ba don murna. Ina da littafi mai warƙa tamanin da na cika da aikin Kaka: zanen gonaki, yadda yake ƙirga kunya, yadda yake kallon rumbu ya ce dawar nan ba za ta kai ku watan azumi ba, yadda yake auna zurfin rijiya da tsawon rimi daga inuwarsa. Na damƙa wa Yaya. A gaban Kaka ya ce zai kawo ɗalibai mota guda su yini a gona. Kaka har ya sa aka wanke masa babbar rigarsa, ya ce, "In 'yan matan jami'a suka zo kada ku gaya wa kakarku."

Zangon karatu ya wuce, ba su zo ba. Wani ya wuce. Da na matsa, Yaya ya ce kwamiti ya duba, sun yaba ƙwarai, amma ba za a tsayar da wanda ba shi da satifiket a gaban ɗalibai ba. Kuma irin tambayoyin nan ba su da amsa ɗaya, ɗalibai sun yi yawa, ta yaya za a yi maki? Ya turo min takardar darasin da suka fitar a ƙarshe. Tambaya ta farko: wani manomi yana da gona, tsawonta mita ɗari, faɗinta mita hamsin, nemo girmanta. Zaɓi ɗaya cikin huɗu.

Jama'a, a ina manomin nan yake? A wane gari? Ku kai ni in gaishe shi! Gonarsa ba gawo, ba fako, ba hanyar shanu, ba 'yan'uwa. An riga an auna masa, an miƙa wa ɗalibi lambobi a faranti, aikinsa ya ninka kawai. To ai ninkawar Yaya ma daidai take ranar gyaɗa. Abin da ya kashe gyaɗa shi ne lambar da bai tambayi daga ina ta fito ba, kuma wannan ɗin ne aka cire daga kwas. Ni da za a tambaye ni, kuma na san ba za a tambaye ni ba, makon farko babu allo babu kalkuleta. A ba kowane mutum biyar igiya a kai su fili marar siffa. Kowa ya rubuta cintarsa kafin a auna, a ba shi maki a kan kusancinta. Wanda ya kawo amsar da hankali ba zai ɗauka ba, ko hanyarsa ta yi kyau kamar zanen hula, ya faɗi. Sannan kowace tambaya a rufe ta da abin da Kaka yake tambayarmu in mun yi gaggawa: "In ka yi kuskure, wa zai kwana da yunwa?" Lauya da zai tsaya a shari'ar gona gobe, da ɗan jarida da za a karanta masa lamba ya buga, su suka fi kowa buƙatar wannan. In maki ne wahala, a sha wahalar. Kaka shekara nawa yana yin maki a rana, kuma in ya kuskure gida ne yake rabuwa.

Yanzu takardar Gwaggo. Mijinta ya bar ta da 'ya'ya maza biyu, mata uku. Liman ya ce gona kashi takwas: ita ɗaya, maza bibbiyu, mata ɗaiɗai. Mazan a birni suke zaune, a unguwar Bacirawa, ɗaya yana tuƙa adaidaita, ɗaya yana shago. Ba mugaye ba ne, gonar ce ba su sani ba, kuma suna so a gama. Suka samo wani ya zagaye ta da waya a hannu, waya ta fitar da girma, aka yanka takwas daidai wa daida, aka kai wa Yaya ya duba ya ce lissafi ya yi. Kason Gwaggo ya faɗa kusurwar gabas, kusa da gida, wai don kada ta sha tafiya. Kusurwar nan fako ce, in ka sara fartanya tsalle take yi. Ita kuwa daga nan za ta ci.

Kwana goma sha biyu kafin rasuwarsa Kaka ya yi faɗan da ban taɓa ganin ya yi ba. Babban ɗan Gwaggo ya kawo masa takardar don ya sa albarka. Ya ce a karanta masa. Da aka gama ya ce, "Wayar nan ta taɓa cin tuwon gonar?" Yaron ya ce, "Baba, tauraron ɗan'adam ne fa ya auna, ba ya kuskure." Kaka ya buga sandarsa a ƙasa. "Ban ce ya yi kuskure ba! Faɗi ya gani, daga sama. Uwarka faɗi za ta tuƙa? Kada wanda ya kafa turke sai na taka gonar nan da ƙafata." Bai samu takawa ba. Zazzaɓi ya kwantar da shi, daga nan sai tafiya.

Ranar bakwai da safe aka yi addu'a, aka raba waina. Mutane ba su gama watsewa ba mai unguwa ya zaro takardar daga aljihu, tunda masu hakki duk suna nan. Sai na ce, "Ranka ya daɗe, a dakata." Yaya ya ce, "Ƙanena, na duba shi sau biyu, daidai yake." Na ce, "Yaya, faɗi a baki tukuna. Kusurwar gabas dami nawa take bayarwa?"

Daga bakin ƙofar zaure, bayan labule, muka ji muryar Gwaggo: "Biyu. In damina ta yi kyau."

Na ce, "Gonar duka fa, Gwaggo?"

"Arba'in, ko da ɗaya ko babu ɗaya. Ni nake ƙirgawa in ana zubawa a rumbu."

Na juya na ce, "Malamin jami'a, tumunin arba'in nawa ne?"

Kawu ya daka min tsawa, "Kai! Yayanka ne fa, marar kunya!" Gaskiyarsa, na wuce wuri, kuma na ba Yaya haƙuri daga baya. Amma a hankali Yaya ya ce, "Biyar." Liman ya gyara zama ya ce shi tumunin da ya faɗa na abin da gonar ta ƙunsa ne, kuma ba zai sa hannu a kan biyu a madadin biyar ba. Babban ɗan Gwaggo ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi Inna, ban sani ba." Ta ce, "Ina za ka sani, kai da kake zuwa sai an dafa."

Mai unguwa ya ce to wa zai auna? Na shiga na ɗauko igiyar. Kwana biyar ina shanya ta a inuwa. Na gwada ta a ƙusoshin nan a gaban kowa, sai ga shi kowace gaba ta gaza da kamar yatsa uku. Na ce shi ke nan, guga ya kashe ta. Yaya ya taso ya karɓa, ya bi ƙullin ɗaya bayan ɗaya har goma. Ya ce, "Duk daidai suka gaza. Rabo za mu yi, ba sayarwa ba. In da ita aka auna gonar duka, da ita aka auna kowane kaso, gazawar ba ta cuci kowa ba." Wallahi ni ban hango wannan ba. Karatunsa ne ya hango, kuma na faɗa a wurin. Abin da nake ta ihu a kai ke nan shekara uku, a haɗa Yaya da Kaka a gona ɗaya, aka ƙi, sai da ɗayan ya shiga ƙasa.

Ya tuɓe takalminsa na ofis ya naɗe ƙafar wando. Shi ya riƙe kan igiya, ni na riƙe gindi, 'ya'yan Gwaggo suna ƙirga kunya da ƙarfi, ita tana biye da mu da mayafinta tana faɗin abin da kowane gefe ya saba bayarwa. Sai bayan la'asar muka gama. Fakon aka yanka kowa ya ɗauki gefensa, ba wanda aka bar wa shi kaɗai.

A hanyar dawowa Yaya ya ce in ba shi igiyar ya kai wa kwamiti su gani. Na ce a'a. In ta shiga ofis za a sa ta a gilashi a rubuta mata suna a ƙasa. Tana nan a ƙusarta, wanda yake son ganinta ya zo da ɗalibansa da takalmin da ba ya tsoron ƙasa. Ya ce in an dawo hutu. Na ce, "Haka ka ce wa Kaka." Ko motar za ta zo, Allah ne masani, kuma ban daina jin haushi ba.

Amma turken Gwaggo an kafa. Kasonta bai kai faɗin wanda waya ta ba ta ba, sai dai daga gindin gawo ya fara. Da aka zo kafawa ta ce ba wanda zai riƙe mata. Ta dafa turken da hannu biyu, babban ɗanta yana bugawa da dutse, tana cewa, "Baba ya ce sai ya taka, to ga igiyarsa ta taka."

Ya Allah, bawanka ya yi rayuwarsa yana tsoron ya tauye wa wani ko taku ɗaya. Ka yalwata masa kabarinsa fiye da abin da igiya za ta iya aunawa, ka gafarta masa, ka haɗa shi da iyayensa a Aljanna. Amin.